Kada Mu Mai Da Dattijo Ɗan Kallo

Bisa ga ƙa'idar aikin gwamnati a ƙasar nan, yawanci ma'aikaci yakan yi ritaya idan ya cika shekara 60 da haihuwa, ko shekara 35 yana aiki. Ran da ya miƙa makullin ofis, abin da kowa yake tambaya shi ne yaushe fansho da garatuti za su fito. Ba mai tambayar ko wa zai sake zuwa neman taimako wurinsa, alhali kuwa jiya-jiya jama'a ke cincirindo a ƙofarsa. A ganina wannan rashi yana cin ran dattijo kamar yadda rashin kuɗi yake ci.

Masana a Amurka sun auna al'amarin. A shekarar 2003 Dokta Stephanie Brown da abokan aikinta na Jami'ar Michigan suka bayyana sakamakon bin rayuwar tsofaffin ma'aurata, gida 423, har shekara biyar. Suka tarar mace-mace sun fi ƙaranci a cikin waɗanda ke taimakon dangi da maƙwabta, ko kwantar wa abokin zama hankali. Samun taimako kawai bai nuna irin wannan amfani ba. Ajali dai na Allah ne, amma dalilin ba ɓoyayye ba ne. Wanda ya san ana jiransa yakan tashi da wuri, ya fita, ya yi hira, kaɗaici da baƙin ciki su rasa wurin zama.

Mu ma a gargajiyance mun san haka. Dattijo ne ke sasanta rigimar gona, shi ke karɓar aure, tsohuwa ke yi wa mai jego wanka, ta yi wa jikoki tatsuniya. To, yau sai ka ga ɗa ya ɗauko mahaifinsa daga ƙauye ya ajiye shi a gida mai katanga, ya ce, "Baba, ku huta, kun gama naku." Niyyar mai kyau ce, amma an raba tsoho da abin da yake riƙe da shi.

Sai dai fa kada wani ya fake da wannan magana. A 1999 Richard Schulz da Scott Beach na Jami'ar Pittsburgh sun gano cewa tsofaffi masu jinyar miji ko mata cikin takura, haɗarin mutuwarsu cikin shekara huɗu ya ɗara na waɗanda ba su jinya da kashi 63 cikin ɗari. Watau taimakon da ke sanyaya zuciya shi ne wanda mutum ya zaɓa, kuma bai fi ƙarfinsa ba. Kakar da aka jibge wa jikoki shida ba ko sisi, ko ɗan fanshon da ke ciyar da manyan 'ya'ya marasa aiki, jaki aka mai da su.

A birnin Baltimore an gwada wani shiri mai suna Experience Corps, inda tsofaffi ke shiga firamare suna taimakon yara karatu. Tun 2018 aka sa hannu a kan dokar kafa Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa a Nijeriya. Me zai hana ta haɗa kai da hukumomin ilmi na jihohi, a gayyaci tsofaffin malamai masu so, safiya biyu a mako, a biya su kuɗin mota? Amma a fara biyansu fanshonsu tukuna.