Kafin A Yi Miki Allurar Hoto, A Fara Duba Ƙodarki



Idan aka turo ki daga Kiru, Bebeji, Tudun Wada ko Doguwa zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wani lokaci likita zai ce a yi hoton CT tare da allurar wani ruwa mai sinadarin aidin. Ruwan yana bin jini don jijiyoyi su fito sosai, kuma ƙoda ce take fitar da shi ta fitsari. Ra'ayina shi ne, kada ki guji hoton, amma ki nemi a auna ƙodarki tukuna.

Lafiyayyar ƙoda ba kasafai ruwan nan yake taɓa ta ba. A 2020 masana hoto da masana ƙoda na Amurka suka fitar da matsaya ɗaya cewa an daɗe ana zuzuta haɗarin. Wadda ake ji wa tsoro ita ce mai raunin ƙoda tun da fari. Jijjigar haihuwa, zubar jini mai yawa, ciwon suga da amai ba ƙaƙƙautawa duk suna raunana ƙoda. Idan ruwan ya yi illa, cikin kwana 2 zuwa 3 ake ganinta a gwajin jini. Galibi ƙodar tana farfaɗowa, amma akwai wadda takan kai ga wankin ƙoda.

Maigida zai ce ga kuɗin mota, ga na hoto, ga kuma na gwaji. Gaskiya ne, sai dai kuɗin gwajin bai kama ƙafar na wankin ƙoda ba.

Saboda haka ki gaya wa likita kina da ciki, ko da na wata ɗaya ne. Hoton sikanin da ake yi a wajen awo ba ya bukatar wannan allura. Ruwan hoton MRI kuwa yana ratsa mabiyiya, don haka ake kauce masa ga mai ciki. Ki faɗi duk maganin da kike sha, musamman diclofenac, ibuprofen, metformin da jiƙe-jiƙen gargajiya. Ki sha ruwa yadda aka umarce ki. In kina azumi, ki faɗa.

Bayan hoto, idan fitsari ya ragu ko ƙafa ta ƙara kumbura, ki dawo asibiti ran nan. Mai jego kuma ta ci gaba da ba jaririnta nono.

Allah ya raba lafiya, amin.