Daga Allon Malam: Arahar Baƙo, Tsadar Mai Gida

Ɗaliban Nijeriya da suka yi karatu a Jami'ar Afirka ta Khartum kafin yaƙin 2023 ba su manta da daɗin hutu ba: yawo a kasuwar Omdurman, shayi a bakin Nilu, ziyarar 'yan'uwa Hausawa a Maiurno. Wanda iyayensa ke aiko wa dala kuwa, sai ya ga abubuwa da araha.

To, wa ya biya wannan araha? A lokacin ana bin Sudan bashin kusan dala biliyan 56. Don neman yafiya, a Fabrairun 2021 gwamnati ta karya darajar fam: dala ɗaya ta tashi daga 55 zuwa 375 a hukumance. Sannan aka janye tallafin mai. Malamin makaranta mai albashin fam shi ya ji a jikinsa. Juyin mulkin Oktoban 2021 kuma ya tsayar da shirin yafiyar.

Saboda haka ɗalibi, in ka je hutu ƙasar wani, tambayi nawa mai gida ke sayen burodi. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, har da Nijeriya. Allah ya sa mu dace.