Gabatarwar Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999

Kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya buɗe da gabatarwa 'yar gajeriya, wadda ba ta cika shafi guda ba, amma a cikinta aka zayyana manufar ƙasar baki ɗaya. Da yawun al'ummar Najeriya take magana: sun ƙudiri zaman haɗin kai da lumana a ƙasa ɗaya da ba ta rabuwa, ƙarƙashin ikon Allah. Ta ambaci zumunci tsakanin ƙasashen Afirka da zaman lafiyar duniya, sannan ta ce an tsara kundin ne domin shugabanci nagari da jin daɗin kowa, bisa 'yanci da daidaito da adalci.

Kalmomin farkon nan, da ke magana da yawun al'umma, su ne suka fi jawo ce-ce-ku-ce. Gwamnatin soja ta Janar Abdulsalami Abubakar ce ta ƙaddamar da kundin da dokar soja mai lamba 24, bayan kwamitin Mai Shari'a Niki Tobi ya tattara ra'ayoyin jama'a cikin ɗan lokaci, aka soma aiki da shi ranar 29 ga Mayun 1999. Ba a yi ƙuri'ar raba gardama ba, yawancinsa kuma daga kundin 1979 aka ɗauko. Shi ya sa lauyoyi da dama ke cewa an ari bakin talakawa an ci musu albasa, kuma ƙorafin nasu yana da tushe.

Babi na biyu shi ne ya faɗaɗa manufofin. Sashe na 14 ya ce tsaron jama'a da jin daɗinsu shi ne babban aikin gwamnati, sashe na 18 kuma ya yi alkawarin ilimi kyauta idan hali ya yi. Sai dai sashe na 6 ya hana kotu sauraron ƙarar wanda ya ce gwamnati ta saɓa wa wannan babi. Manomin da 'yan bindiga suka raba da gonarsa ba shi da ikon gurfanar da gwamnati bisa wannan alkawari kaɗai, abin da ke da matuƙar ciwo.

Akwai dai ƙofa guda: idan Majalisar Tarayya ta mayar da manufa doka, to ta hau kan kowa. Haka aka yi da sashe na 15, wanda ya umarci a kawar da cin hanci, aka yi dokar da ta kafa hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC a shekarar 2000. Jihar Ondo ta ƙalubalanci dokar, Kotun Ƙoli ta tabbatar da halaccinta a 2002.