Haruffa huɗu ba za su zaɓa maka sana'a ba

1/ Wani ƙanina a Ajingi ya turo min sakamakon gwajin halayya da ya yi a waya. An ce masa shi ESFP ne, mai son jama'a da surutu. Wai shi ke nan ya haƙura da koyon nazarin bayanai, tunda aikin 'yan INTJ ne, masu shiru-shiru. Wallahi abin ya ɓata min rai. Zare 🧵

2/ Wannan gwajin, wata Ba'amurkiya ce, Katharine Briggs, da 'yarta Isabel Myers suka ƙirƙiro shi, bisa littafin Carl Jung na 1921. Suka kasa mutane gida 16. Mutum biliyan 8 a gida 16? Haba jama'a.

3/ Ka sake gwajin bayan 'yan makonni, ba mamaki ka ga haruffanka sun canja. Kamfanin da ke da gwajin ma cewa ya yi kada a ɗauki ma'aikata da shi.

4/ Je ka kasuwar Gaya ka zauna kusa da ɗan kasuwar hatsi. Bakinsa ba ya hutawa, gardama da wannan, barkwanci da wancan. Amma ya san nawa ya sayi tiyar gero da kaka, ya ƙiyasta inda farashi zai kai kafin damina, ya cire kuɗin mota zuwa Dawanau da ɓarnar ƙwari, duk a ka. Nazari ke nan. Excel ne kawai bai iya ba.

5/ Ban ce hali ba ya tasiri ba fa. Aikin na son haƙuri: ka wuni kana gyara lambobin da wani ya shigar ba daidai ba. Amma haƙuri ana koyon sa. Kuma in ka gama, dole ka fahimtar da oga abin da ka gano, nan mai baki ya fi ka.

6/ Abin da ke kayar da yaranmu daban ne: raunin lissafi tun sakandare, rashin kwamfuta, rashin wuta, tsadar data. Shirin 3MTT na gwamnatin tarayya, wanda aka fara a 2023, ya sa nazarin bayanai cikin darussansa. Jami'ar Wudil kuma ga ta nan kusa.

7/ Masu cewa wata uku ka fara kwasar dala, ku rabu da su.

Shi kuwa ƙanin nawa, na ce ya ɗauko littafin bashin shagon babansu ya zuba a Excel, ya gaya min wane wata aka fi cin bashi. Ina jiran sa ranar Juma'a.