Tsohon jaki ma yana da hakki a kanmu

A ƙauyukanmu na Dawakin Tofa, jaki ne ke kai taki gona da rani, shi ke kwaso dawa da kaka, shi ke dakon ƙasar gini. Amma ku dubi ƙarshensa. Ran da ƙarfi ya ƙare, akumari ya cinye gadon baya har ƙudaje na bin gyambon, sai a sake shi ya kama bin bola yana cin leda. Ko a miƙa shi ga dillalai su yi Kudu da shi saboda fatarsa, wadda ake dafawa a haɗa magani a ƙasar Sin.

Wallahi wannan butulci ne.

A Ingila, tun 1969 Elisabeth Svendsen ta fara gidan kula da jakunan da aka yasar, a yankin Devon. A Fabrairun 2024 kuma Tarayyar Afirka ta haramta yanka jakuna don fata. Mu abin da muke buƙata don buɗe gidan kula da tsofaffin jakuna a nan bai taka kara ya karya ba: fili, rumfa, ruwa, harawa, da dusar da ba ta yankewa a kasuwar Dawanau.

Ranka ya daɗe Hakimi, da shugabannin ƙaramar hukuma, don Allah ku ware filin, ku turo malamin dabbobi. Harawar kuma mu manoma za mu kawo.