Filin Na'ura: Maɓallin Tab Da Tsallen Da Ba A Nema Ba

Masu rubuta umarnin kwamfuta da Vim, wanda Bram Moolenaar ya fitar a 1991, ko da ƙanensa Neovim, sun san daɗin guntayen rubutu da ake tanadarwa tun da wuri. Mutum ya buga haruffa biyu ko uku, sai jimla ta bayyana da gurabe a cikinta. Ya cike wannan, ya danna Tab ya tsallaka na gaba.

To, a nan fa gizo ke saƙar. Manhajar tana da yanayin rubutu dabam, na ba da umarni dabam. Idan mutum ya bar gurbi bai cike ba, ya danna Esc ya tafi wani layi can nesa, LuaSnip, mai kula da guntayen a Neovim, ba ya mance inda aka tsaya. Can an jima ya danna Tab don ya matsar da layi, sai alamar rubutu ta zabura ta koma baya, abin da ya buga ya faɗa inda bai nufa ba. Irin wannan ɓarna takan kwana cikin aiki ba a gani ba.

Maganinta shi ne a gindaya wa Tab sharaɗin locally_jumpable, watau kada ya yi tsalle sai alamar tana cikin guntun. UltiSnips kuwa tun asali ya raba aikin: Tab na buɗewa, Ctrl-j na zuwa gaba, Ctrl-k na komawa baya.