Littafin Sito Kafin Kwamfuta: Darasi ga Maƙeran Gaya da Ajingi

Tarihin baka ya nuna cewa daga Gaya ne wani maƙeri mai suna Kano ya taso neman tama, har ya yada zango a gindin Dutsen Dala, kuma zuriyarsa ce ake kira Abagayawa. Ashe ke nan sarrafa ƙarfe ba baƙon abu ba ne a wannan yanki na gabashin Kano. Har gobe akwai maƙera da masu walda a Gaya da Ajingi da ƙauyukan da ke kewaye da su, suna haɗa garmar shanu, da amalanke, da ƙofofin ƙarfe, da gadaje. Irin waɗannan kaya su ne masana tattalin arziki ke kira kaya masu ƙarko, wato waɗanda akan saya a yi shekaru ana mora, saɓanin sabulu ko sukari da ke ƙarewa cikin kwanaki.

Manyan masana'antun duniya masu ƙera irin waɗannan kaya sun daɗe da damƙa lissafinsu ga wata manhajar kwamfuta da ake yi wa laƙabi da ERP, wadda ke tattara dukkan bayanan kamfani wuri guda. Yau ana tallar wannan manhaja ga ƙananan masu sana'a a Nijeriya kamar wani maganin kowace cuta. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, amfanin manhajar gaskiya ne, amma ƙarfinta yana cikin lissafi da rubuta gaskiya, kuma duk wanda bai iya riƙe littafin sito ba, to kwamfuta ba za ta ƙara masa komai ba sai asara.

Me ya sa kaya masu ƙarko ke da wuyar lissafi?

Ɗaliban ilimin halittu sun san dokar da masanin nan Bajamushe, Justus von Liebig, ya yaɗa a ƙarni na 19. Dokar ta ce girman shuka ya dogara ne ga sinadarin da ya fi ƙaranci a ƙasa. Ko da gona ta wadatu da komai, in sinadari guda ya gaza, iyakar yabanyar ke nan. Haka abin yake a wurin ƙira. Amalanken da ya samu taya da katako da fenti amma ya rasa boris guda, bai zama amalanke ba tukuna. Tarin kuɗi ne kawai a jibge a rana. Keke yana da ɗaruruwan sassa, mota kuwa akan ƙiyasta tana da sassa wajen 30,000, kuma rashin ɗaya kan tsayar da sauran duka.

Bayan haka ga matsalar lokaci. Manomi yana bukatar garma kafin ruwa ya zauna a watan Yuni, yana bukatar amalanke kafin kaka. Wanda ya gama garmarsa a watan Agusta sai ya jira baɗi, jarinsa na ɗaure. Sannan mai sayen kaya masu ƙarko yana iya ɗage saye in shekara ba ta yi kyau ba, abin da mai sayen gishiri ba zai yi ba. Ga kuma kayan gyara, domin wanda ya sayi injin niƙa bana zai dawo bayan shekara uku neman abin da ya lalace a ciki.

Yadda lissafin yake

Bari a ɗauki misali. A ce wata ƙungiyar manoma ta ba wani mai walda a Ajingi aikin amalanke 20, tana so a ba ta ranar 1 ga Oktoba. A ce kowane amalanke yana cin taya 2, boris 4, katako 6 da noti 24. Aikin duka zai ci taya 40, boris 80, katako 120 da noti 480. Mataki na farko ke nan, wato jerin kayan haɗi.

Mataki na biyu shi ne duba abin da ke hannu. In akwai taya 10 da boris 28 a sito, abin da za a saya shi ne taya 30 da boris 52. Mataki na uku shi ne ƙirga kwanaki da baya-baya. In mai waldan da yaransa suna gama amalanke 5 a mako, aikin zai ci mako 4, don haka dole a fara ranar 3 ga Satumba. In kuma dillalin boris a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano yana bukatar mako 2 kafin ya kawo adadin da ake so, to tilas a ba shi oda ranar 20 ga Agusta. Wanda ya tuna da boris a tsakiyar Satumba ya makara, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Wannan lissafi mai sauƙi shi ne zuciyar manhajar gaba ɗaya. Wani injiniya mai suna Joseph Orlicky, wanda ya yi aiki da kamfanin IBM a Amurka, yana cikin waɗanda suka tsara shi a shekarun 1960, ya kuma wallafa littafi a kansa a 1975. Hikimarsa ita ce ya raba bukata gida biyu. Yawan amalanken da jama'a za su saya abu ne da sai dai a yi hasashe, amma yawan boris ɗin da amalanken za su ci ba ya bukatar hasashe, lissafi kawai yake bukata. An kira tsarin MRP. A farkon shekarun 1980 aka faɗaɗa shi ya haɗa da ƙarfin injuna da lokacin ma'aikata da kuɗi. A 1990 kamfanin bincike na Gartner ya raɗa wa faɗaɗɗen tsarin suna ERP. Kamfanin SAP na Jamus, wanda tsofaffin ma'aikatan IBM su biyar suka kafa a 1972, ya fitar da manhajarsa R/3 a 1992, ta kuma bazu cikin manyan masana'antun duniya.

Abin da ERP ta ƙara shi ne haɗa sassan kamfani a kan rumbun bayanai guda. Da zarar mai sayarwa ya rubuta oda, mai sito zai ga abin da za a ɗiba, mai sayayya zai ga abin da ya gaza, akanta kuma zai ga kuɗin da za su fita. Aikinta ya yi kama da na jijiyoyin saƙo a jikin ɗan Adam, waɗanda ke sanar da ƙwaƙwalwa halin da hannu da ƙafa ke ciki. Sai dai likitoci sun san abin da kan faru in waɗannan jijiyoyi suka daina kai labari: mutum yakan taka garwashi bai ji ba, har ƙafar ta lalace. Ƙwaƙwalwar lafiyarta lau, labarin ne bai iso mata ba. In littafi ya ce akwai boris 28 alhali wani yaron shago ya ari 8 bai rubuta ba, kwamfuta za ta yi lissafinta tsaf a kan ƙarya, amalanke biyu su tsaya.

Gani ga wane

Ba ƙananan masu sana'a kaɗai ke faɗawa wannan rami ba. A 1999 kamfanin Whirlpool na Amurka, mai ƙera firji da injin wanki, ya koma kan sabuwar manhajar SAP kafin a gama warware matsalolin da aka hango, sai kai kaya ga dillalai ya yi ta jinkiri na makonni. Kamfanin kantuna na Lidl a Jamus kuwa ya shafe kimanin shekara bakwai yana ƙoƙarin kafa irin wannan tsari, ya yi watsi da shi a 2018 bayan an ruwaito ya kashe wajen Yuro miliyan 500. Waɗannan kamfanoni ne masu ƙwararru da dukiya. In rashin shiri ya kayar da su, ina ga mai walda da yara huɗu?

Akwai masu cewa maganar manhaja ma ba ta taso ba, domin ba rashin lissafi ne ya durƙusar da masana'antun Arewa ba. Suna da hujja. Kano ta taɓa haɗa kekunan Raleigh da manyan motocin Fiat, Kaduna ta fara haɗa motocin Peugeot a 1975, unguwannin masana'antu na Bompai da Sharaɗa da Chalawa sun cika da ma'aikata. Abin da ya raunana su shi ne ƙarancin kuɗin waje na sayo sassa tun daga shekarun 1980, da faɗuwar darajar Naira bayan 1986, da rashin wutar lantarki, da kwararar kayan waje masu araha. Babu manhajar da za ta kawo wuta ko ta tsare iyaka.

To amma wannan hujja ba ta kore bukatar lissafi ba, ƙara mata ƙarfi ta yi. A farkon watan Yunin 2023 ana canza Dalar Amurka a kan kimanin Naira 460 a farashin hukuma. Zuwa Fabrairun 2024 ta haura Naira 1,500. A irin wannan yanayi, mai waldan da ya karɓi kafin alƙalami a kan farashin bara, bai kuma san takamaiman abin da amalanke guda ke ci ba, zai yi aiki wata guda cur ya tashi da bashi. Daga nan sai ya ci kuɗin wannan ya gama aikin wancan, har magana ta kai gaban mai unguwa ko alƙali, amana ta zube. Lokacin tsanani ne lissafi ya fi tsada, domin babu rarar da za ta rufe kuskure.

Abin da ya kamata a yi

Hanya mafi dacewa ita ce a bi abin daki-daki. Da farko kowane shago ya tanadi littattafai uku na rubutu, irin na 'yan makaranta. Na ɗaya ya ƙunshi jerin kayan haɗin kowane abu da ake ƙerawa, tare da farashinsu da ranar da aka sayo. Na biyu littafin sito ne, inda za a rubuta duk abin da ya shiga da duk abin da ya fita, ko da noti guda ne, a kuma riƙa ƙirga kayan da hannu kowane mako a gwada da rubutun. Na uku na masu ba da aiki ne: suna, abin da aka biya, da ranar alkawari. Ba dole sai da boko ba, ajami ma ya wadatar. In littafin sito da kayan sito suka yi wata shida suna dacewa, to shagon ya isa ya koma kan jadawalin lissafi na waya ko kwamfuta. Sai aiki ya bunƙasa har littafi ya gaza kafin a nemi manhaja, kuma ko a lokacin akwai irin su ERPNext ta Indiya, da Odoo ta Beljiyam mai rukunin kyauta, waɗanda ba sa bukatar kuɗin lasisi irin na manyan kamfanoni.

A nan ne nauyi ya hau kan makarantu. Lissafin amalanke 20 da aka kawo a sama bai wuce ninkawa da ɗebewa da ƙirgar kwanaki ba, kuma ɗalibin aji uku na ƙaramar sakandare zai iya yinsa. Malamin lissafi ko na kasuwanci a Gaya ko Ajingi yana iya tura ɗalibansa wurin mai walda ko kafinta, da izininsa, su rubuto jerin kayan haɗin ƙofa ko benci, su ƙirgo abin da ke hannu, su fitar da ranar da ya kamata a tafi Kano sayayya. Ɗalibin zai ga amfanin lissafi da idonsa, mai sana'ar kuma zai samu abin da bai taɓa rubutawa ba. Jami'ar kimiyya da fasaha da ke Wudil, wadda yanzu ake kira Jami'ar Aliko Ɗangote, tana nan kusa. Ɗalibanta masu karatun kwamfuta suna iya mayar da ayyukan kammala karatunsu kan fassara irin waɗannan manhajoji zuwa Hausa da daidaita su da ƙaramin shago.

Hukumomi da ƙungiyoyin da ke tallafa wa masu sana'a kuma su yi hattara da rabon kwamfutoci a bikin yaye ɗalibai, alhali ba a koya wa kowa riƙe littafi ba. Tambayar da ta dace a yi wa duk mai neman tallafin manhaja ita ce: boris nawa ke cikin sitonka yau, kuma ina aka rubuta? Wanda ya amsa daidai ya riga ya mallaki mafi wuyar ɓangaren ERP. Wanda ya kasa kuwa, a fara ba shi littafi da biro.